Daga Katsina Zuwa Zariya: Makarantar da Aka Kafa Don Horar da Malamai

A cikin birnin Katsina akwai wani tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango, wanda magina suka ɗora da tubali, suka rufe da azara, irin ginin da aka gada kaka da kakanni. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne, kuma tun 1959 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. A ɗakunansa aka fara karatu a 1921 a makarantar da aka sani da Kwalejin Katsina, wadda ta yi ƙaura sau biyu, ta sauya suna sau da dama, kafin ta tsaya a kan sunan da kowa ya san ta da shi yau, wato Kwalejin Barewa ta Zariya.

Duk wanda ya tashi ba da labarin Barewa, da lissafin manya yake farawa. Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, Janar Yakubu Gowon, Janar Murtala Muhammad, Alhaji Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, mutum biyar da suka riƙe ragamar Nijeriya, duk sun zauna a ajinta. Ga kuma Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Lissafin gaskiya ne, kuma ya isa a yi alfahari da shi. Amma idan aka tsaya a nan, an bar jigon labarin a baya. Makarantar nan an kafa ta ne don ta horar da malamai, kuma yawancin mazan jiya da ta yaye, alli suka fara riƙewa kafin su riƙi mulki.

Yadda Arewa take kafin 1921

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tarar da ƙasa mai ilmi. Makarantun allo sun cika birni da ƙauye, ga zaurukan malamai inda ake karanta fiƙihu da nahawu da tafsiri, ga alƙalai da magatakarda masu rubutu da Larabci da ajami. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, don haka aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. A Kudu kuwa, mishan ne suka kawo karatun boko, kuma sun yi nisa ƙwarai. Legas ta sami makarantar sakandare ta mishan tun 1859, Kalaba ta sami tata a 1895, gwamnati kuma ta buɗe Kwalejin Sarki a Legas a 1909.

A wannan shekara ta 1909 ne Arewa ta fara ganin makarantar gwamnati, lokacin da Hanns Vischer, wanda mutane suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano. Daga nan aka riƙa buɗe makarantu a manyan garuruwan larduna. Nan da nan matsala ta bayyana: an gina azuzuwa, an tara yara, amma babu isassun masu koyarwa. Turawa ba su da yawa, kuma gwamnati ba ta son ɗauko malamai daga Kudu. Hanya ɗaya ta rage, a horar da 'yan ƙasa. Wannan buƙata ce ta haifi Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922, bayan an riga an fara karatu.

Dalilin zaɓen Katsina

Katsina ta wancan zamani gari ne madaidaici a cikin ganuwa, amma sunanta a fagen ilmi ya daɗe da kai nesa. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye tana ba da shaida. Garin Wali Ɗan Marina ne da Wali Ɗan Masani, kuma daga ƙasar ne Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya tashi ya tafi gabas, ya rasu a Alƙahira a 1741. Iyaye da ke ɗari-ɗari da karatun boko sun fi samun natsuwa idan aka ce Katsina za a kai ɗansu.

Sai kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906 ya kai har 1944. Sarki ne mai buɗaɗɗen ido ga sababbin abubuwa, kuma a 1921 ɗin nan ya yi tafiyarsa zuwa Ingila da Makka. Ya karɓi makarantar hannu bibbiyu. Turawa su ma suna da nasu lissafin. Layin dogo bai bi ta Katsina ba, don haka suna ganin ɗaliban za su yi nesa da jaridun Legas da zantukan siyasar Kudu. Suna son samari masu ilmi waɗanda za su koma gida su yi wa En'e aiki cikin ladabi. Tarihi ya nuna cewa sun sami masu ilmin, amma ba su iya tsayar da tunaninsu inda suka so ba.

Zaman ɗalibi a kwaleji

Shiga kwalejin ba abu ne mai sauƙi ba. Daga kowane lardi yara ƙalilan ake zaɓa, waɗanda suka yi fice a makarantunsu. Zuwa kanta aiki ce. Yaro daga Sakkwato yakan yi kusan mako guda a hanya, a ƙasa, da 'yan kayansa, yana yada zango a ƙauyuka. Haka Ahmadu Bello ya riƙa yi tun daga 1926 har ya gama a 1931. Na Barno da na Bauci da na Bida da na Ilori kowa da irin tasa doguwar tafiyar. A harabar makarantar ne Babarbare da Banufe da Bafulatani da Bahaushe suka fara zama wuri guda na shekaru biyar, suna ci tare, suna wasa tare. Zumuncin da aka ƙulla a nan shi ne daga baya ya zama ƙashin bayan gwamnatin Arewa.

Ana koyar da Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, tare da Larabci da addini. Ɗaya daga cikin Turawan makarantar, Gerald Power, ya matsa ƙwarai a kan furucin Turanci. Ɗalibi zai miƙe ya karanta jimla, a tsayar da shi, a gyara masa harafi guda, ya sake, a sake tsayar da shi, har sai bakinsa ya faɗa daidai. Wannan horo ne ya sa aka riƙa gane ɗan Kwalejin Katsina da ya buɗe baki. Tafawa Balewa, wanda ya yi karatu a nan daga 1928 zuwa 1933, da wannan lafazi ya tsaya a manyan tarukan duniya har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Ɓangaren Larabci da addini yana hannun malamai 'yan ƙasa, irin su Malam Bello Kagara da Malam Nagwamatse, waɗanda har yanzu ake kiran gidajen kwanan ɗalibai da sunayensu a Barewa. Kasancewarsu a wurin ya sa yaro bai ji an raba shi da abin da ya taso a kai ba. Da safe ya koyi nahawun Turanci, an jima ya gurfana gaban malamin da ya san darajarsa tun daga gida.

Da la'asar sai fili. Ana buga kurket, amma wasan da ya fi kama zuciyar ɗalibai shi ne fayif. Ɗaki ne marar rufi mai bango uku, mutum biyu suna karawa da biyu, suna dukan 'yar ƙwallo da tafin hannu ta bugi bango ta dawo, wanda ya bari ta kuɓuce masa ya yi asara. Wasa ne mai son saurin ido da haɗin kai da abokin wasa. Sardauna ya ƙware a kansa, bai kuma bar shi ba har yana Firimiya. Daga makarantun masu hali na Ingila aka kawo wasan, amma ya sami gindin zama a Arewa, har gobe ana buga shi a Katsina da wasu garuruwa.

Kowa ya gama sai aji

Abin da ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne inda waɗannan samari suka nufa bayan sun gama. Ahmadu Bello ya koma Sakkwato ya koyar a makarantar Midil har 1934, lokacin da aka naɗa shi hakimin Raba. Tafawa Balewa ya koma Midil ta Bauci, ya yi shekaru yana koyarwa har ya zama hedimasta. Kashim Ibrahim, wanda ya gama a 1929, ya koyar a Barno tun kafin ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962. Aliyu Makaman Bida ya riƙe makarantar Midil ta Bida, daga baya ya zama ministan ilmi na Arewa a 1952. Isa Kaita ya koyar kafin shi ma ya riƙe ma'aikatar ilmi. Sulaimanu Barau malami ne kafin ya zama Sarkin Abuja a 1944. Abubakar Imam, da ya gama a 1932, a Midil ta Katsina ya fara aiki.

Ma'anar wannan a fili take. A wancan zamani, yaron da ya fi kowa ƙoƙari a lardi shi ake mayarwa aji. Malamin makaranta mutum ne da sarki ya san da zamansa, gari kuma yana girmama shi. Idan ya yi magana a zaure ana saurare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan malamai ya yaye ɗaruruwan yara, waɗanda su ma suka zama malamai da ma'aikatan lafiya da na gona da akawuna. Ta wannan hanya ce makaranta guda mai ɗalibai kaɗan ta iya taɓa rayuwar yanki mai faɗin gaske.

Adabin Hausa na zamani ma daga hannun waɗannan malamai ya fito. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Cikin littattafai biyar da aka buga, uku suna da alaƙa kai tsaye da kwalejin: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda malami ne a kwalejin kuma wan Imam ne. Daga baya Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a watan Janairu na 1939. Duk ɗan makarantar da ya taɓa karanta waɗannan littattafai ya ci moriyar Kwalejin Katsina ko da bai taɓa taka ƙofarta ba.

Siyasa ma daga ɗakin malamai ta taso. Sa'adu Zungur, tsohon ɗalibin kwalejin, da Aminu Kano, wanda ya gama a 1942 ya tafi koyarwa Bauci, da Tafawa Balewa, su ne suka raya taron tattaunawa na Bauci a farkon shekarun 1940, inda aka fara yi wa En'e da Turawa tambayoyi masu nauyi a bainar jama'a. Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. A 1950 Tafawa Balewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e. Hanyoyi sun rabu bayan haka, wasu suka riƙe jam'iyyar NPC, Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa ya rungumi jam'iyyar NEPU. Sun yi adawa mai zafi, amma makaranta guda ta haife su, kuma duk sun san aji ciki da bai.

Kaduna, sannan Zariya

Wajen 1929 aka sake fasalin ilmi a Nijeriya, kwalejin ta faɗaɗa aikinta, ta fara shirya ɗalibai don wasu fannoni ban da koyarwa. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, hedikwatar Arewa, aka kira ta Kwalejin Kaduna. A nan Shehu Shagari ya yi karatu daga 1941 zuwa 1944, shi ma ya fita ya kama koyarwa a Midil ta Sakkwato, daga baya ya zama hedimasta a Argungu. A 1949 makarantar ta sake tashi ta koma Zariya, inda take har yau a kan hanyar Gaskiya. An kira ta sakandaren gwamnati, aka kira ta Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 ta karɓi sunan Barewa.

A Zariya fuskar makarantar ta canza. Da farko don samarin Musulmi aka buɗe ta, amma yanzu ƙofa ta buɗe ga 'yan Arewa baki ɗaya. Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin Kirista da ya tashi a Wusasa, ya yi karatu a nan a farkon shekarun 1950, ya yi suna a wasanni. Ƙasa tana tunkarar 'yanci, ana neman likitoci da injiniyoyi da alƙalai da hafsoshi. Daga nan Zakariya Maimalari da Hassan Usman Katsina da Murtala Muhammad suka shiga soja. Daga nan Iya Abubakar ya fita ya zama farfesan lissafi, Jibril Aminu ya zama likitan zuciya, Muhammadu Lawal Uwais ya kai kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar duk 'ya'yanta ne.

Baƙin cikin ƙasa ma bai tsallake ta ba. A juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Sardauna da Tafawa Balewa da Birgediya Maimalari. Wanda ya karɓi mulkin Arewa daga hannun Kashim Ibrahim shi ne Hassan Usman Katsina, jikan Sarki Dikko da ya ba makarantar masauki. Shekara goma bayan haka, ranar 13 ga Fabrairu, 1976, aka kashe Murtala a Legas. Allah ya jiƙansu da rahama.

Abin da bai kamata a manta ba

Son da muke yi wa wannan makaranta bai kamata ya rufe mana ido ga ƙuncin da ke tattare da tarihinta ba. Kusan shekara talatin ita kaɗai ce makarantar gwamnati mai wannan matsayi a duk faɗin Arewa, sai a 1949 aka kafa wadda ta zama Kwalejin Gwamnati ta Keffi. Yara nawa ne masu kaifin basira suka tsaya a elementare saboda babu gurbi? Kuma makarantar maza ce zalla. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, su ma na matakin farko. Ratar da ke tsakanin Arewa da Kudu a karatun boko, da wadda ke tsakanin maza da mata a cikin Arewar kanta, a wannan zamani suka yi saiwa. Yawan manyan da Barewa ta fitar yana nuna ingancinta, yana kuma nuna ƙarancin ƙofofin da aka buɗe wa sauran.

Gwamnatin Sardauna ta gane haka, ta ɗaga makarantun Midil zuwa sakandare, ta gina kwalejojin horon malamai a larduna, ta buɗe jami'a a Zariya a 1962. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, makarantar ta koma ƙarƙashin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta zama Jihar Kaduna a 1976. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Manufa ce mai kyau, yara suka kwararo makaranta, amma horar da malamai bai yi saurin da ya dace da yawansu ba. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, albashin malami ya zama abin tausayi. Daga baya aka rufe kwalejojin horon malamai na matakin sakandare, aka mayar da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa. A hankali aikin da ake zaɓar wa gwarazan ɗalibai ya koma wanda mutum ke karɓa idan ya rasa wani.

Sakamakon ya fito fili a 2017, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna, ƙarƙashin Nasir El-Rufa'i wanda shi ma tsohon ɗalibin Barewa ne, ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta sanar cewa 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka gindaya ba. Ƙungiyar malamai ta ƙi yarda da yadda aka gudanar da jarrabawar, har aka shiga yajin aiki. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, abu guda ba ya musuntuwa: ƙasar da ta fara ilminta na zamani da zaɓen mafifitan yara don su koyar, ta wayi gari tana gardama a kan ko malamanta sun iya abin da suke koyarwa.

Barewa ta cika shekara ɗari a 2021, kuma tana da gatan da sauran ba su da shi. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, BOBA, tana da ƙarfi, kuma kowane ɗalibi yana da lamba mai farawa da harafin B wadda ke ɗorawa a kan ta waɗanda suka gabace shi tun daga Katsina, abin da ke sa dattijo da yaro su ji jini ɗaya suke. Takenta, "Man jadda wajada", yana yi wa ɗalibi alkawarin cewa mai ƙoƙari zai samu. Amma sakandaren gwamnati da ke ƙaramin gari ba ta da tsohon shugaban ƙasa da zai tuna da ita, alhali ita ce kaɗai makarantar da ɗan manomi da 'yar mai sayar da ƙosai za su iya shiga. Da yawa daga cikin waɗanda makarantun gwamnati suka ɗaga sun kai 'ya'yansu na kuɗi, kuma makarantar da babu ɗan mai faɗa-a-ji a cikinta, ba a jin kukanta.

Gyaran gini da fenti da tsofaffin ɗalibai ke yi abin godiya ne, amma tarihin makarantar yana neman fiye da haka. Gwamnatocin jihohi su ware guraben karatu kyauta ga ɗaliban da suka fi ƙoƙari a kowace ƙaramar hukuma, maza da mata, da sharaɗin za su dawo su koyar. A biya malami albashin da zai riƙe iyali, a biya shi a kan kari, a gina masa gida kusa da makaranta idan ƙauye aka tura shi. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai masu ƙarfi su ɗauki nauyin horar da malaman makarantun da ba su da gata. Wannan ba sabon abu ba ne gare mu, an yi shi a ƙasar nan lokacin da kuɗi da hanyoyi ba su kai na yau ba, kuma mun ga irin mutanen da ya haifar. Duk gwamnan da ke son a tuna da shi kamar yadda ake tuna Sardauna, to ya fara da tambayar wane ne ke tsaye gaban allo a sakandaren garinsu, kuma yaushe rabon da a biya shi haƙƙinsa.